Na Ce Masala, Yaya Ya Kawo Masara

Daminar da Baba ya yi jinya, ni na naɗa kaina likitar abinci a gidanmu, ba tare da kowa ya roƙe ni ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi tun ana shuka. Ya yi kwanaki a asibiti a Bici, aka sallamo shi da ledar magunguna da gargaɗin kada ya sha ko ɗaya sai ya ci abinci. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da bakin Baba. Inna za ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta kwarara man shanu, a kai masa zaure, ya yi loma biyu ya ture kwanon. Kunu ya ce ɗaci yake masa, fura kuma wai ta yi tsami. Mutumin da yake tashi da malmala uku kafin ya fita gona ya koma rigarsa tana yawo a jikinsa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Kullum da safe kafin in wuce firamaren da nake koyarwa, sai na leƙa zauren na ga ƙirjinsa yana motsi.

Gonar masararsa tana nan bayan gida. Yaya, babban wanmu mai fataucin awaki zuwa birni, shi ya ɗauki 'yan ƙwadago suka yi noma da maimai. Babu wanda ya tambayi Baba komai game da ita, wai don kada a wahalar da shi. Mu a ganinmu tausayi muke yi.

Wata rana lokacin hutun tara a makaranta ina latse-latsen waya sai na ci karo da wata Ba'indiya tana haɗa abincin da ake sayarwa a bakin titi a ƙasarsu. Dafaffiyar ƙwayar masara ce mai zaƙi, ta sa bota, ta yanka albasa da tumatir da ɗanyen barkono, ta matse lemun tsami, ta barbaɗa wani garin yaji da ta kira masala, ta juya, ta zuba a ɗan kofi. Ko minti biyar ba ta yi ba, kuma ko hayaƙi bai shiga idonta ba. Nan take na ce na samo maganin Baba. A samartakarsa yakan hau keke har birni don kallon fim ɗin Indiya, abin da har yau Inna take yi masa gori da shi. Na lissafa cewa wanda ya taka keke wannan nisa don ya ga Indiyawa suna rawa, ai ba zai ƙi abincinsu ba. Haka ilimi yake sa mutum tunani mai zurfi.

Komai muna da shi, ban da masalar. Na kira Yaya, yana tsakiyar kasuwar dabbobi, awaki suna ta koke-koke a bayansa, layin kuma yana yankewa.

Na ce, "Yaya, don Allah in za ka taho ka sayo min masala."

Ya ce, "Matsala? Innalillahi! Jikin Baban ne?"

"Ba matsala ba, Yaya. Masala! Ta ci. Baba zan dafa wa."

"Oho, to, to, na gane. Shi ya ce yana so? Alhamdulillahi. Yanzu kuwa."

Ya kashe waya. Na koma aji ina jin daɗi da Allah ya ba ni wa mai saurin fahimta.

Bayan la'asar ɗan acaba ya sauke shi a ƙofar gida da rabin buhu a kafaɗa. Gidanmu ba shi da wata hanya sai ta zaure, don haka a gaban tabarmar Baba ya dire kayan, ya kwance bakin buhun yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Ɗanyar masara ce, da ɓawonta da gemunta, irin ta 'yan lambu da ake kaiwa birni. Na fito daga cikin gida na ga abin da ke ƙasa, na ji kamar in koma.

Baba ya ɗaga kai daga matashi. Ya dubi buhun, ya dubi Yaya.

"Mene ne wannan?"

"Masara ce, Baba. An ce kana sha'awa."

"Sayowa ka yi?"

"E, Baba. Mai kyau ce, na zaɓa."

"A watan nan? Masarata tana goye a bayan ɗakin nan, ka shigo min gida da masarar kasuwa a kafaɗa, duk gari suna kallo? Mutuwa na yi ba a gaya min ba?"

Tun da aka dawo da shi daga asibiti ban ji muryarsa ta kai tsakar gida ba sai ranar. Na fara bayani a kan masala da Indiya, ko kallona bai yi ba. Ya ce a miƙo masa sandarsa. Inna ta fito tana cewa, "Malam, jikinka fa," ya ce jikinsa nasa ne. Muka bi shi a baya, yana tafiya yana hutawa, har cikin gona. Yana isa ya fara da 'yan ƙwadago, waɗanda Allah ya taimake su ba sa nan: kunya ta karkace, ga ciyawa an binne da ranta, taki an zuba kamar ana jin haushinsa. Sannan ya riƙa bin karan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan yaye ɓawon, ya danna ƙwayar da farce. Wadda ta fitar da farin ruwa kamar nono ita yake karyowa ya miƙo min. Ya ce wannan ita ce mai zaƙi, in ban sani ba in sani, kuma a dafa tasa daban, ta kasuwa daban, a kawo masa duka ya ga ƙaryar.

Ba'indiyar ta yi nata a minti biyar. Ni na yi awa guda da rabi a gaban murhu, itacen ya jiƙe da ruwan sama, ina hura wuta ina hawaye. Na dafa masarar da ɗan gishiri, na kankare ƙwayar daga totuwa da wuƙa. A madadin bota na sa man shanu. Tumatirin damina ne, ƙanana masu tsami, sai albasa da attaruhu guda. Koren ganyen da ta watsa a kai ban san shi ba, na tsinko lansir. Masala kuwa tun da babu, na ɗebo yajin ƙuli na Inna, na matse lemun tsami. Kofin shayi na so in zuba a ciki don ya yi kama da na waya, sai na ji Inna a kaina.

"Au, wai kwaɗo ne? Duk kiran wayar nan da tayar da hankalin mutane a kan kwaɗo?"

Na ce mata abincin Indiya ne. Ta ce to Indiyawan ma ashe suna fama.

Baba ya ɗanɗana ta kasuwa, ya tauna a hankali, ya ce ruwa ne zalla, an dai ba ta siffar masara. Ya jawo tasa. Cokali ɗaya, biyu, yana ci yana yi wa Yaya bayanin bambancin, har na ji cokali yana kartar gindin kwano. Na juya baya na goge idona, na bar su a kan hayaƙi ne. Da na gaya masa daga inda girkin ya fito, cewa ya yi Allah ya ba su masara mai kyau su ma. Iyakar yabon da ni da Indiya muka samu ke nan.

Daga ranar muka ƙulla makirci, ni da Inna da Yaya. Duk dawowar da Yaya zai yi daga birni sai ya riƙo masara uku ko huɗu, ya tsaya a zaure yana cewa, "Baba, wannan kam ta yau ta fi taka." Baba ya tashi zaune, a miƙo sanda, a tafi gona, in haɗa kwano biyu, ya cinye nasa, ya sha magani. Yaya, mai mata da 'ya'ya huɗu, ya sha faɗan da bai sha ba tun yana yaro, yana sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri. Masalar gaskiya ma ta iso daga baya, bayan na rubuta masa sunan a takarda. Na barbaɗa sau ɗaya, Baba ya ce wa ya fasa baragurbin ƙwai a ciki, Inna ta ɗaure ledar ta jefa saman kwaba.

Muna cikin haka masara ta ƙosa, ƙwayar ta yi tauri, farce ba ya shiga. Hankalina ya sake tashi, don ban san da me za mu tsokane shi ba kuma. Ran nan da yamma na kai masa tuwo ina ɗar-ɗar, na ajiye zan fita, ya ce in zauna. Ya wanke hannu ya fara ci.

"Ki gaya wa yayanki ya huta da dakon masara. Tun zuwa na biyu na gane ku."

Na ce, "To Baba, me ya sa kake ta yi masa faɗa?"

Ya kai loma, ya haɗiye, sannan ya ce, "Wata huɗu ina kwance a nan, babu wanda ya musa min magana. Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi Baba. Ko gonata ba a tambaye ni ba. Yaron nan shi ya fara shigowa ya ce min ba haka ba ne."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ni ce mai yawan sannun.

Ya ce, "Jibi za a karya masara, kuma ni zan faɗi ta inda za a fara. Tashi ki ce wa innarki ta ƙaro malmala ɗaya."