Na kashe hanyar igiya, na ga Sani

Muna kiran bidiyo, hoton ɗana Sani ya sake tsayawa cak a kwamfuta. Yana can garin Touboro, zazzaɓi ya kwantar da shi, ni kuma ba na yarda da "lafiya lau" sai na ga idonsa.

Tun da muka koma wifi na bar tsohuwar igiyar intanet a soke, don kada kiyashi su shiga ramin. Ashe ita kwamfutar take bi, ba wifi ba.

Maigida ya ce, "Hajiya, kada ki taɓa, mu jira mai gyara."

Na ce, "Malam, da furfura na koyi karatu, amma na koya."

Na bi rubutun da ke fuskar kwamfutar da yatsa har na ga "désactiver", wato a kashe, na kashe hanyar igiyar, kwamfutar ta koma wifi. Sai ga Sani, ya rame, amma yana cin tuwo.

Iyaye mata, me ke kwantar muku da hankali in yaro yana nesa?