Baƙin Ɗigon Cikin Kalkuleta

Baffa Garba, yayan mahaifina, shi ya raba ni da karatu, kuma a kan kalkuletar da shi da kansa ya jefar a juji. Ina aji shida a Kebbe, da kaka ana cikin yankan gero, na tsince ta bayan rumbunsa. Madannanta sun cinye, shi kuma dillalin hatsi ne, ya riga ya sayo sabuwa a Tambuwal.

Na kwance ta da tsinin wuƙa a gindin dogon yaro. Ciki babu komai sai koren faranti mai zane-zane kamar turbar tururuwa, duk sun nufi wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. Na sa mata batir, na samo takardar ƙyalli ta kwalin sigari, na riƙa haɗa zane da zane. Na taɓa nan, bakwai ta fito. Na taɓa can, ta haɗa jimla. Ran nan awaki sun yi ta kuka ban kai musu harawa ba, sai da innata ta biyo ni da muciya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wasu zanuka biyu da ba su da madanni a waje. Na sa tara na haɗa su, uku ta fito. Na sa ashirin da biyar, ta ba ni biyar. Wato ɗigon nan ya san wani lissafi da masu ƙera shi suka toshe wa ƙofa, ni kuma na ɓalle ta da kwalin sigari.

Sai na ba wani ɗan direba danƙon harbina, ya ba ni mataccen gem ɗinsa na hannu, mai tubalan nan da ke zubowa. Na buɗe, ga baƙin ɗigon nan dai. Wannan lissafi, wancan wasa, to mene ne a ciki? Na kai su maƙera. Maƙerin yana zuga wuta yana dariya, wai yau ƙwaƙwalwar Nasara za a gasa. Wari ya cika rumfar, baƙin ya dagargaje, na tone da allura. Kowanne ya fitar da ɗan falle mai kusurwa fuɗu, bai kai ƙwayar dawa ba, yana ƙyalli kamar fiffiken ƙuda. Na ɗora musu gilashin ƙara girma na makarantarmu a cikin rana, sai ga gari guda, da tituna da shingaye. Na gem ɗin yana da wani fili mai jerin kunya kamar gona, na ce lalle nan ne rumbun da aka adana wasan.

Baffa ya ji labarin kalkuleta ta tashi, ya zo karɓar abinsa. Ni kuwa da murnata na miƙa masa tafin hannu, da 'yan fallayen nan biyu a kai. Ya duba, ya hure su kamar ƙaiƙayi. Ya ce wa mahaifina boko ya koya wa yaro ƙona kayan mutane, a ba shi ni in tsare masa gona a Fakku. Mahaifina ba ya ƙetare maganar yayansa. Abokaina suka wuce sakandare a Tambuwal, ni na kama fartanya, kuma har yau ita ce a hannuna.

Bana ɗana ya nuna mini a waya wasu masana da ke narkar da irin ɗigon, su ɗauki hoton garin da ke ciki, su karanta wasan su tayar da shi. Filin nan mai jerin kunya kuwa, ashe rumbun wasan ne. Na karɓi wayar na tafi zauren Baffa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na kai masa hoton dab da ido.

"Baffa, ka ga wanga? Shi ne abin da kah hure daga hannuna. Ba komi nika nema gare ka ba. Na zo ne ka gani, kada ka tafi kana zaton gyara ni ka yi."