Wanzamin Mai Farar Hula

Ranar da Bato ya fara shiga gidan Lartiyus, hannayensa a ɗaure suke ta baya, gwiwarsa na jini, ƙattai biyu na biye da shi da bulala. Bawan wani mai rumfar aski ne a bakin kasuwar Rum, kuma laifinsa shi ne ya yanki kunnen wani attajiri da ya ƙi zama wuri ɗaya, sai surutun zaɓe yake yana kaɗa kai. Ana jan sa zuwa wurin duka ya fizge, ya ga wata ƙofa a buɗe, ya afka ciki. Bai ma san gidan wane ne ba, domin bai daɗe da zuwa daga duwatsun Iliriya ba, inda aka kamo shi.

Abin da ya fara ba shi tsoro shi ne ƙattan nan sun tsaya cak a bakin ƙofa. Sai ga wani dogon mutum ya fito daga ciki, kansa da farar hular fata mai tsinken itacen zaitun a tsakiya. Bai tambayi laifin ba. Ya ce a yanke igiyar, a wurga ta waje ta kafar rufin nan da ruwan sama ke zubowa cikin kwarmin tsakar gida, don kada ta sake bi ta ƙofa. Bato ya ga igiyarsa ta tashi sama ta ɓace, ya ji faɗuwarta a kan titi.

Gidan limamin Yufita ya faɗa, mai hidimar ubangijin sama. Ƙulli ba ya zama a gidan nan, ko a jikin rigar maigidan babu shi. Duk wanda ya shigo a ɗaure sai an kwance shi, kuma ba mai taɓa shi da bulala a yinin. Da Lartiyus, wato limamin mai farar hula, ya ji sana'arsa, sai ya aika aka saye shi, ya kuma 'yanta shi, saboda tsohon wanzaminsa hannu ya fara karkarwa, kuma bawa ba ya taɓa kan liman. Uwargida Furiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce duk wanzaman Rum mijinta bai ga wanda zai miƙa wa wuya ba sai mai yankan kunne.

Aikin fa ba na wasa ba ne. Askar tagulla ake amfani da ita, ba ta ƙarfe ba, kuma duk wanda ya taɓa aski da tagulla ya san jarabar, kafin ka gama gefe ɗaya ta dakushe. Gashi da farce kuwa ba a share su. Bato yakan tattara su a tafin hannu ya binne a gindin ɓauren bayan gida, domin sai a ƙarƙashin itace mai 'ya'ya ake binne su. Maigidan ba ya hawan doki, ba ya kallon rundunar yaƙi, ba ya kwana a wajen birni, ba ya rantsuwa, ba ya taɓa akuya ko kare, wake kuwa ko sunansa ba ya faɗi. Amma babbar magana ita ce hular. Ba ya fita ƙarƙashin sama babu ita, kuma in ta faɗi daga kansa yana tsakiyar yankan hadaya, limanci ya ƙare ke nan.

Tun ranar da Bato ya ji wannan, hular ta zama ita ce damuwarsa a duniya. A ganinsa ita ta kwance shi, kuma muddin tana kan Lartiyus, ƙofar nan za ta ci gaba da kwance mutane. Don haka ya ƙirƙiro nasa askin, yana barin gashi mai kauri a kewayen kai yadda hular za ta kama tsam. 'Yan majalisa suka riƙa tsokanar liman cewa wanzaminsa ya mayar masa da kai sheƙar tsuntsu. Bato ko a jikinsa.

A gaban idonsa maigidan ya yi ta hawa. Ya zauna a majalisar dattawa. Aka zaɓe shi mai kula da kasuwanni da wasannin gari, sai aka yi cirko-cirko wajen rantsar da shi, tunda bakinsa ba ya rantsuwa, har sai da ƙanensa ya fito ya rantse a madadinsa. Daga baya ya zama alƙalin birni. Sa'o'insa suna dawowa daga yaƙi a kan keken dawaki, gari na yi musu kirari, wasunsu na ce masa mai gadin murhu. Su dai suka sani! Waɗannan masu baki, da fari ya yi tsanani, ba su ne suka hau tudun haikali ba takalmi suna bin bayansa suna roƙon ruwa? Bato yana cikin taron ranar, kuma har ya mutu yana cewa ɗigon farko a kan tsinken hular ya sauka.

Duk tsawon shekarun nan masu igiya ba su daina shigowa ba, wani da sarƙa, wani da tsumma a wuyan hannu. Bato ne ke yankewa, shi ne ke wurgawa, har ya gwanance, jifa ɗaya igiya ta haye rufi.

Sai tsufa ya zo da sanƙo. Bato yana ganin gashin da ya dogara da shi yana ƙarewa a tafin hannunsa, abin da yake binnewa a gindin ɓaure kullum raguwa yake. Shi da Furiya suka haɗa baki suka cusa ulu a cikin hular, suka matse ƙugiyar maɗaurin haɓa. Lartiyus ya lura, ya ce musu kansa ne ya tsufa, ba hankalinsa ba, amma ya bar su.

Ranar buɗe tsinkar inabi abin ya faru. Ba mai taɓa inabinsa sai liman ya yanka tunkiya ya tsinki nonon inabi na farko da hannunsa, kafin a ɗora naman a wuta. An yi yankan, mai sarewa yana busa ido rufe, jama'a na can bayan layukan kurangar inabin. Lartiyus ya shiga tsakanin ganye, Bato na bayansa da kwando. Da ya miƙa hannu sama, wani reshe ya kama tsinken hular, ƙugiyar ta ɓalle, hular ta zame ta baya. Bato ya saki kwando ya cafe ta kafin ta kai ƙasa, ya mayar da ita kan maigidansa cikin ƙiftawar ido. Ya waiga ko'ina, ganye ya rufe su ruf.

"Ba wanda ya gani, ranka ya daɗe," in ji Bato. "Tsinki inabinka mu fita."

"Ɗaga kanka, Bato. Me kake gani?"

Bato ya ɗaga kai. Sama ce fes, ko ɗigon girgije babu.

"To ai shi nake wa aiki," in ji Lartiyus.

Ya fito daga cikin ganyen, ya ɗaga hannu sarewa ta tsaya, ya faɗa wa jama'a da bakinsa cewa hula ta bar kansa. Abokansa suka yi ta lallashi, wai ai ba ta taɓa ƙasa ba, akwai mafita. Bai saurare su ba. Washegari ya miƙa hular ga shugaban limamai, ya dawo gida a ƙafa, rana na dukan kansa a karo na farko tun yana saurayi.

Bato ya ji haushin da bai taɓa ji ba, ga kuma wani tsoro na mutumin da ya yi shekaru yana riƙe masa haɓa bai san ko wane ne ba. Lartiyus kuwa ya sa aka dafa masa wake, ya cinye akushi guda yana santi, yana cewa ashe abin da talakawa ke ɓoye masa ke nan. Bato ya kasa haƙuri, ya ce masa shi ya samu wake, to masu shigowa a ɗaure fa, wa ya bar musu? Tsohon ya ajiye cokali.

Ba a kai ga naɗa sabon liman ba, wata safiya Bato na yi masa aski a tsakar gida, sai ga wani bawan gidan niƙa ya faɗo ta ƙofa, gari fal a kansa, hannu ɗaure, bai ji labarin saukar liman ba. Mai tsaronsa, wani ƙato mai bulala, ya iso yana haki, jama'ar unguwa a bayansa. Lartiyus ya miƙe da mayafin aski a wuya, kai a buɗe.

"Ba ni da hula," in ji shi. "Doka ta ba ka shi. In za ka shigo, ba mai hana ka."

Ƙaton ya dubi sanƙon nan da duk Rum ta san yadda aka yi ya fito fili. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Ya daɗe a tsaye yana murza bulala, sannan ya dubi Bato.

"Baba wanzami, me kake jira ne? Yanke mana, ina da aiki."

Bato ya yanke igiyar da askar tagulla, hawaye na hana shi gani. Ya wurga ta sama, amma kafaɗa ta tsufa, igiyar ta bugi bakin rufi ta faɗo cikin kwarmin ruwa. Ya sake, ta sake faɗowa. Sai ƙaton ya ajiye bulalarsa a waje, ya shigo a sunkuye, ya tsamo igiyar, ya cilla ta da ƙarfi. Duk suka ji faɗuwarta a kan titi.

Lartiyus ya koma ya zauna, ya ce a ƙarasa masa askin. Da aka gama, Bato ya tattara ɗan farin gashin a tafin hannunsa. Ba wata doka da ta ce a binne shi yanzu, amma ya nufi gindin ɓaure da shi.