Rissa Maƙeri, Wanda Ya Durƙusar da Motata

Idan ka bi bayan tashar motocin Tawa, ka wuce masu facin taya, za ka iske wata rumfar zana a gindin bagaruwa. Nan Rissa maƙeri yake zama. Guduma uku gare shi, awartaki biyu, zugazugi ɗaya na fatar akuya, da butar shayi wadda ba ta sauka daga kan gawayi. Na ƙirga su tun ranar da na fara shiga, don ni haka Allah ya yi ni, ba na ganin abu in wuce ban san adadinsa ba. Shi ya sa ya laƙaba mini Ƙidayau. Sunana na yanka, Sa'idu, ban taɓa jin sa a bakinsa ba.

Rissa mutumin arewa ne, daga maƙeran Buzaye. Sana'ar gidansu sirdin raƙumi, ita ubansa ya yi, ita kakansa ya yi. Wata shekara dabbobin mutanen da yake bi suka ƙare, ba mai sayen sirdi, sai ya ɗora kayan ƙira a kan jaki, ya sa matarsa Tanna gaba, suka gangaro Tawa. Shi yana gyaran kwaɗo yana ƙera wuƙa, ita tana ɗinka jakar fata. Da motoci suka yawaita, direbobi suka fara kawo masa rasor, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa bisa juna ƙarƙashin mota su ɗauke nauyinta. Kowane falle ana ce masa lam. Wanda ya miƙe ya sa a wuta ya maido masa da lanƙwasarsa, wanda ya karye ya yanka wani daga na matacciyar mota. Amma duk da haka, har lokacin bai taɓa shiga mota ba. In an zolaye shi sai ya ce, "Abin da ba shi durƙusawa a hau shi, ba shi da ladabi."

Shekara ta huɗu da samun ƴancin kai na sayi wata Pijo mai dogon baya a hannun wani Bafaranshe mai komawa gida, na kama jigila tsakanin Tawa da Takanamat. Ta zo da lam takwas a kowane gefe na baya. Na yi abin da kowane direba yake yi, na ƙara uku-uku masu kauri, suka zama goma sha ɗaya. Gindinta ya ɗaga sama kamar wutsiyar kunama. Mutum goma sha biyu take ɗauka, da buhun gero shida, da akuya a kan rufi. In ta cika tana tafiya da hankali. In ba kaya kuwa, tsalle take kamar bunsuru, don amortisa na baya, waɗanda ke hana mota ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami, sun tsiyaye tun da daɗewa. Ban damu ba. Gero ba ya kuka.

Matata Hawa ƴar Takanamat ce. Haihuwarta ta fari ta zo da gardama, aka daɗe ana fama a ɗaki, yaron bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta tsira. Ungozomar gidan likita ta Tawa, wadda muke kira sasfam, ta duba ta bayan nan ta ce mini, "In Allah ya ba ta wani, a nan za ta sauka. Ka kawo ta kafin watanta ya tsaya, kuma kada a jijjiga ta a hanya." Da Allah ya ba ta wani, uwarta Maimuna ta zo ta tafi da ita gida tun cikin yana ƙarami.

Da kaka ta yi, lokaci ya matso, na je ɗaukar ta. Na tsuguna a ƙofar gida, kai ƙasa, kamar yadda suruki yake yi. Inna Maimuna ba ta fito ba, daga bayan zana ta yi magana, kuma ba da ni ba, da iska.

"A gaya ma mai mota ɗiyata ba buhun gero ba ce. Na ga wagga mota tashi ranar kasuwa, na ga yadda taka tuma. Ko akuyata ba ni sa wa ciki."

Suruki ba ya mayar wa uwar matarsa magana. Kuma gaskiya ta faɗa, hanyar ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na koma Tawa ni kaɗai, ina tunanin ɗakin nan da aka fito da yaro a naɗe.

Na fara zuwa garaji neman sababbin amortisa. Aka ce sai an aiko daga Yamai, wata mai zuwa in Allah ya so. Wanda ya san garaji ya san wannan watan ba ya tsayawa. Sai na wuce rumfar Rissa na zayyana masa komai. Ya zuba shayi, ya mayar a buta, ya sake zubawa, har kumfa ta yi masa yadda yake so.

"Ƙidayau, mi kaka son ɗauka, gero ko mace?"

"Mace."

"To sirdin kaya daban, sirdin mace daban. Kai ka ɗaura ma motarka na kaya. Kawo ta mu kwance."

Muka ɗaga ta, muka kwance rasor duka biyu. Ya zare ukun da na ƙara, ya ƙara zare ɗaya gajere daga na asali. Huɗu nan, huɗu can, takwas ke nan a ƙasa, bakwai-bakwai suka rage. Ina kallon su raina na sosuwa, don kowane lam a wurina buhu ne. Da muka sauke motar, bayanta ya yi ƙasa da yatsa huɗu, na auna da hannuna.

Na ce, "Baba Rissa, cikinta zai kama rairayi."

"Mutum nawa za ta ɗauka?"

"Huɗu."

"Ashe ka iya ƙidaya. To mi kaka tsoro?"

Ta yi laushi kam, amma in ka danna bayanta ka saki, sai ta yi ta lilo ba ta tsayawa. Nan aikin Tanna ya shigo. Ta jiƙa ɗanyar fatar sa, ta yanka ta tsiri-tsiri da faɗin yatsa biyu, tana yi tana yi wa mijinta tsiya, wai ya tsufa yana yi wa ƙarfe kaciya. Rissa ya naɗe kowane rasor da tsirin nan tam, yana ja da awartaki, kamar yadda yake ɗaure ƙafafun sirdi. Fata ta sha rana ta ƙanƙance, ta matse lam ɗin suka riƙa gogar juna, lilo ya mutu. Ya kawo man shanu ya shafe ta don kada ta tsattsage.

Saura gwaji. Ya ce a wurinsu raƙumin da za a ɗora wa mace, sai an hau shi da ƙwaryar madara a cinya an ga bai zubar ba. Ya cika ƙwarya da ruwa, ya duba wanda zai riƙe. Ni ne mai tuƙi. Tanna ta ce ita ba ta yi wa kowa bara. Ya zagaya motar sau biyu, ya dubi bayanta da ya sauka, ya ce, "To, ta durƙusa." Ya tuɓe takalmansa ya shiga, ya zauna a baya da ƙwarya bisa cinya. Duk tasha ta fito kallo. Muka je bayan gari muka dawo, wandonsa bai jiƙe ba. Ya ce zai bi ni Takanamat, don bai yarda in iya ɗaurin ba in ya saki a hanya.

Mun isa da la'asar. Na ajiye mota a bayan dangar gidan surukaina, aka kai mu masauki. Da gari ya waye na zo duba ta, sai na iske karnuka biyar kwance ƙarƙashinta, ciki ya yi tumbur, suna lasar baki. Na leƙa. Gefen hagu ba sauran fata ko ta ɗinkin takalmi. Gefen dama sun ci rabi, sun bar rabi yana reto.

Rissa ya zo ya leƙa, ya miƙe, ya ja rawaninsa har bisa hanci.

"Tun ina yaro nika shafa ma fata man shanu," in ji shi. "Amma sirdi rataye shi akan yi bisa icce. Mota fa, wa zai rataye ta?"

Ni dariya ba ta zo mini ba. An riga an gaya mini Hawa ta kwana da ciwon baya. Mutane suka taru suna ta shewa, har Inna Maimuna ta fito ta tsaya a bakin danga. Na durƙusa na sunkuyar da kai. Rissa kuwa ya nufe ta kai tsaye.

"Uwar gida, surukinki ba shi iya yi miki magana, kunya ta ɗaure mai baki. Ni maƙeri ne, ba a haihe mu da ita ba. Wanga yaro ya yanke bayan motarshi saboda ɗiyarki, ya bar kayan kasuwa guda a tasha, kuma kin san shi, ko ƙwayar gero ta faɗi sai ya ƙirga. Aikin ya yi. Ni na ɓata shi da man shanu, karnukanku suka taya ni. Fata nika so."

"Karnukanmu dai sun ci bikin da ba a gayyace su ba," in ji ta. "Kai kuma tsoho da kai, ba ka san kare na son mai ba?"

"Na sani. Ban san ana barin sirdi a ƙasa ba."

Ta dubi motar, ta dubi yadda bayanta ya sauka. Ta shige gida. Can sai ga ta tana jan ƙirgi, busasshiyar fatar san da aka yanka musu, wadda ta ajiye za a yi mata wasakin ɗiban ruwa a rijiya. Ta jefa a gaban Rissa.

"In ta zubar mini da madara, kai za ka riƙa ja mini ruwa da rawaninka."

Aka jiƙa ƙirgi ya kwana, Rissa ya yanka, ya naɗa, rana ta yi aikinta. Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba, kunnena na cikin gida. Da aka zo shafawa, ya ce a samo mai, na ce a'a, na kawo gwangwanin baƙin man da nake juyewa daga inji. Ya sansana, ya yamutsa fuska.

"Wanga ko kura ba ta lasa. Ƙidayau, ashe akwai abin da ka sani ban da ƙidaya."

Inna Maimuna ba ta yarda da gwajin kowa ba. Ta tatso madara, ta cika ƙwarya har baki, ta shiga baya ta zauna da kanta. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba, wuyana ya ƙage don kada in waiwaya. Na zagaya da ita rijiya, na bi ta kan kunya-kunyar nan ta bakin gari, na dawo. Ta fito ta duba zanenta. Ɗigo uku ne, na gan su ta wutsiyar ido.

Ta ce, "Jakin malam ya fi haka zubarwa. A fito da ita."

Aka shimfiɗa wa Hawa bargo biyu a baya, uwarta ta riƙe mata kai. Da za ta shiga ba ta ɗaga ƙafa sosai ba, mota ta zo mata daidai. Ta dube ni ta ce a hankali, "Maigida, ita ce kuwa?" Na ce ita ce, ladabi aka koya mata.

Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Inda tsakiyar hanya ta yi tudu sai in ɗora taya ɗaya a kai, don kada cikin mota ya taɓa. Duk da haka sau biyu ya gogi rairayi a cikin ƙorama. Wurin duwatsu Rissa ya sauka, ya yi gaba da ƙafa, tsoho da shi, yana kawar da manyan yana yafito ni da hannu. Muka shiga Tawa rana na shirin faɗuwa, ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan likita.

Ba a yi mako ba naƙuda ta tashi. Ta zo da gardama irin ta farko, amma wannan karo akwai sasfam, akwai likita, akwai abin da suka sani. Aka sami ɗiya mace, da ranta da kukanta, uwar ma lafiya. Kadidiya aka sa mata.

Na je sallamar Rissa ya ce in bar masa lam ɗin da aka zare, sun ishe shi. Na roƙi biyu na asali, ya ba ni, shida suka zama nasa. Ranar suna ya zo da wuƙa sabuwa da ya ƙera daga ɗaya, Tanna ta yi mata kube ja. Da ita aka yanka ragon.

Da amortisa suka iso daga Yamai, bayan Kadidiya ta fara zama, na sa su, na mayar da lam takwas-takwas kamar yadda motar ta zo, ban sake ƙarawa ba. Buhu huɗu nake ɗauka yanzu maimakon shida. Amma masu juna biyu, da tsofaffi, da mata masu kawo cuku daga arewa waɗanda ba sa son ya kakkarye, duk motata suke jira. Mai Durƙuso ake ce mata a tasha. Inna Maimuna kuwa na kai mata wasaki sabo, ta karɓa ta bayan zana, ta ce a gaya wa mai mota an gode.

Rissa bai sake shiga mota ba tun daga ranar da muka kawo Hawa Tawa. Yana nan gindin bagaruwa da gudumarsa uku. Duk ranar kasuwa nakan kai masa sukari da ganyen shayi, wani lokaci in riƙo hannun Kadidiya mu je tare. Yakan miƙa mata kumfar kofin ƙarshe, mai zaƙin, ya dube ni ya ce, "Ƙidayau, ɗiya nawa gare ka?" In ce ɗaya. Ya ce, "To ka gani, da lam shida muka saye ta, har da abincin karnuka biyar. Ba ka taɓa cin riba irin wannan ba."