Darar Bodinga

Mahaifina ya dawo wurina Bodinga a shekarar da ciwon bushiya ya shiga garkunan ƙasar Shagari, wajen ƙarshen mulkin farar hula, lokacin da ko sabulu sai an bi layi. Shanunsa sun ƙare kaf. Ya zo da butarsa da sandarsa ya zauna a zaurena. In an kawo tuwo ya ci, in ba a kawo ba ba ya tambaya. Da safe in tafi rumfar albasata, da yamma in tarar da shi inda na bar shi. Ni kaina ba na jin komai a lokacin, sai tsoro guda: kada ya mutu a zaune haka nan, ba ciwo ba komai.

Abin da na san yana motsa shi tun ina ƙarami shi ne dara. A Shagari gurabe suke tonawa a rairayi, wannan ya riƙi karare, wancan tsakuwa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa ɗaya. Amma a majalisarsu ba a yarda da doki ba, wato ka shirya 'ya'yanka yadda duk turawa ɗaya, gaba ko baya, sai ka ci. In ka ci da layi sau ɗaya, sai ka nemi wani layin. Shi ya sa wasa ɗaya kan kai su daga azahar har la'asar. Mahaifina kuwa ɗan tare hanya ne. Ci bai dame shi ba, daɗinsa ya matse ka har ka rasa inda za ka motsa, kana gumi yana yi maka tsiya, kai ma kana ramawa.

Na lallaɓa shi na kai shi majalisar da ke bayan tasha. Darar Bodinga daban take. Doki halal ne, wanda aka cinye ya tashi ya ba na baya wuri, ga mutane tsaitsaye suna jira, don aiki ya yi wuya, zaman ya yi yawa. Aka haɗa shi da wani tela mai bakin tsiya. Kafin mahaifina ya gama gina katangarsa, tela ya kafa doki, yana tsince masa karare ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ashe ku mutanen Shagari kwana kukai bisa dara?" in ji tela. Jama'a suka kwashe da dariya.

Mahaifina ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Wagga ba dara ta ba, hwashi na da rana tsaka. Gobe ka gani, ɗan nema!"

Tun zuwansa ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba. A hanya yana ta faɗa, ni kuwa ina binsa a baya ina jin sanyi a raina. Washegari shi ya riga ni ɗaukar sanda. Aka sake cinye shi, ya sake zagin ƙa'idarsu, ya dawo gida ya nemi ƙarin tuwo. Haka muka yi ta yi, har ya fara gano yadda ake karya dokin tun bai tsaya ba.

Sai wani dillalin shanu da ke cin kasuwar Shagari ya gan shi a wurin, ya ba 'yan majalisar labarin garken. Mu kuwa a wurinmu ba a yi wa mai hasara tsiya, jaje ake yi masa. Da muka zo kashegari an shimfiɗa masa tabarma. Tela ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yau irin ta Shagari za a yi, ba doki, ba tashi. Aka fara. Tela yana barin ƙofa a buɗe da gangan, 'yan kallo sun yi tsit kamar gidan makoki. Mahaifina ya cinye shi tas.

"Allah shi maida alheri, Baba," suka ce baki ɗaya.

Ya daɗe yana duban karan da ke hannunsa, sannan ya ajiye. Da muka fito ya ce mini, "Ashe sun ji." Bai ƙara komawa ba.

Na sami tela a shagonsa na roƙe shi ya zo gida ya kafa wa tsohon doki, ya cinye shi, ya yi masa dariya.

"Haba, malam! In yi ma wanda yar rasa garke ba'a? Allah shi kiyashe ni," ya ce.

Na zagaya majalisar nan kaf ina neman mutum ɗaya da zai yarda, ban samu ba. Na ji haushinsu, kuma ba ni da abin da zan ce sun yi, don mutanen kirki ne dukansu. Kullum sai sun zo gaishe shi, murya ƙasa-ƙasa, ya amsa da kai.

Kafin damina ta faɗi muka kai shi makwancinsa. Telan ne ya ɗinka likkafanin.