Anti Tsaya-Tukuna da Shafin Cigiya

Kullum kafin ta ajiye jaka, Anti Tsaya-Tukuna sai ta leƙa bayan kwamfuta ta ga ko wani ya taɓa waya. Ta kwafe rumbun bayanan shafinmu, ta buɗe kwafin don ta tabbatar ba fanko ba ne, sannan ta amsa gaisuwa. Mu ma'aikatan gidan rediyon muka laƙaba mata sunan, don ko saƙon taya murna aka turo, ba ta barin kowa ya latsa.

Shafin na cigiya ne. Wata safiya aka sabunta manhajar tsaronsa, sai hotunan ɓatattu suka ɓace su ma. Ba abin da ke fitowa sai saƙon cewa an kasa isa ga rumbun bayanai. A ɗakin jira kuwa wata mata na riƙe da hoton mahaifinta, tsoho mai mantuwa da ya fita bai dawo ba.

Ido ya koma kan sabon edita, wanda ya baro gidan rediyon da muke gogayya da shi.

"Na gan shi a kujerarki, Anti," in ji mai karanta labarai.

"Wallahi caja na ɗauka," editan ya ce.

Manaja ya ce a karɓe makullinsa.

"Ranka ya daɗe, ni ma ban gama yarda da shi ba," in ji Anti. "Amma ban yarda da manhajar nan ba, kuma ita ba ta da iyali. Da ita za mu fara."

Ta kashe manhajar, ta shiga rumbun da kanta. Ashe komai na nan. Sabuwar manhajar ce ta sauya wa ma'ajiyoyin suna, shafin kuma yana ta neman su da tsohon suna. Ta daidaita, hotuna suka dawo, ta ɗora na tsohon. Kafin la'asar wani direba ya bugo: tsohon yana zaune a tasharsu.

Editan ya riƙe aikinsa. Duk da haka Anti ta sauya kalmar sirrin kowa, har ta manaja.

Anti, ke ce kika koya mana cewa zargi ba hukunci ba ne. Yau da za ki yi ritaya, mun gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma masu gyaran shafuka, ku yi koyi da ita: ku binciki na'ura kafin ku raba mutum da abincinsa.