Hannun Tahir a Kan Atamfa

Tahir, Allah ya haskaka kabarinsa, mutum ne da ba ya son a ɗauke shi hoto. Ko ranar ɗaurin aurensa sai da aka riƙe masa hannun riga kafin ya tsaya. Amma yau matan da ke sayen atamfa daga Duwala ta waya, tun daga Marwa har Kuseri, sun san hannunsa na dama: dogayen yatsu, da tabon dutsen guga a bayan hannun, tun na yarinta.

A unguwar New Bell ta Duwala aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Ya yi karatun Faransanci, ya sami aiki a wani biro, wato ofis, da ke unguwar Akwa, inda suke tsara wa kamfanoni shafukan intanet. Allon kwamfutarsa kamar tagar ɗaki. Yana alfahari da shi, yana goge shi da tsumma na musamman, ba ya yarda kowa ya ɗora masa yatsa.

Matarsa Zinariya 'yar Alhaji Iro ce, mutumin Mubi mai shagon atamfa a Marché Central. Cinikin Alhaji duk na matan nesa ne, masu saukowa Duwala su zaɓi ankon biki su koma da dila-dila. Da rikici ya ɓarke a can arewa, sai zuwan ya ragu. Da na yankin Bamenda ya biyo baya, sai ya tsaya cak. Motocin ajans, wato kamfanonin sufuri, suna kai saƙo, amma ba matar da mijinta zai bari ta hau hanya saboda zane. Alhaji ya wuni yana kakkaɓe ƙura daga kaya, har ya gaji ya tara iyalinsa ya ce bayan babbar salla zai rufe shago, ya kwashe su su koma Mubi.

Tahir ya tarar da Zinariya tana ninke kayan ƙannenta da ta wanke, tana ninkewa tana warwarewa. A nan ya ƙudura cewa shagon nan ba zai rufu ba.

Ya je ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, a ba ni izini in gwada wani abu. In su ba za su zo wurin kaya ba, kayan su je wurinsu."

"A cikin waya?" in ji Alhaji. "To, Malam, gwada. Ba abin da zai ragu."

Ya tsara shafin yadda ya saba yi wa kamfanoni, a kan babban allonsa: atamfa huɗu a jere, layi bayan layi, launuka suna walƙiya. Abokin aikinsa Abdurrazak ya leƙo ya ce, "Magnifique!" Ba a jima ba wata Hajiya Rabi'atu ta bugo daga Marwa, za ta aurar da 'yarta, tana son mai ruwan ganye, mai 'yan ƙananan furanni. Aka ɗaure dila aka kai ajans, gida ya cika da murna.

Dilar ta dawo yadda ta tafi. Hajiya ta bugo tana faɗa: ita ƙananan furanni ta gani kamar ƙwayar riɗi, an aiko mata da masu girman faranti, so ake dattawan danginta su fita kamar labule?

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Malam. Allah bai nufa ba." Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Tahir sauƙi.

Da yamma ya biya gidan kakarsa Lauratu, ya ce ta ara masa wayarta. 'Yar ƙaramar waya ce, fuskarta ta tsage daga sama, an ɗaure bayanta da roba.

"Maigida, yau kuma wayata za ka bincika? Kishi ne ya motsa?"

"Wa zai ƙwace min ke da wannan wayar, Kaka? Ko ɓarawo ya tsince ta sai ya biyo ki da ita."

"Ja'iri. Ta fi ka jin magana."

Ya buɗe shafin a ciki. Shafin da ya cika tagarsa ta Akwa ya matse kansa ya shige fuskar da ba ta kai tafin hannu ba. Kowace atamfa ta koma kamar kan sarki, furannin faranti sun zama riɗi. Hajiya Rabi'atu ba ƙarya ta yi ba. Ya miƙa wa Kaka, ta kawo wayar kusa da ido, ta ɗora babban yatsanta kusa da furen ba tare da ta san ta yi ba. Tahir ya zuba wa yatsan ido. Haka ya sha ganin mata suna yi a shagon Alhaji: kafin a tambayi kuɗi, sai an shimfiɗa tafi a kan zane, a ga girman furen.

Daga ranar ya koma abin kallo a unguwa. Ya aro tef ɗin awo wurin tela, in an sallame la'asar sai ya tsaya a ƙofar masallaci.

"Malam, don Allah in ga wayarka."

"Riga za ka ɗinka mata?"

"Har da hula."

Ya auna ta mai shayi, ta mai nama, ta 'yan benskin, masu acaba, da ke jiran fasinja a bakin layi. Ya buga wa matan Marwa da Garwa waya yana tambayar irin wayar da ke hannunsu. Ba wadda ta ce da kwamfuta take duba kaya. Waya ɗaya ce ke zagaya tsakar gida, daga hannun uwar amarya zuwa na gwaggo, kowa na cewa a ba ta ta gani.

Abdurrazak ya ce masa, "Mon frère, ɗauki girman tsakiya mana. Kowa haka yake yi. In ka tsara wa ƙarama, a babban allo zai zama kamar ɗakin da ba kaya."

"Wa zai buɗe shi a babban allo? Ni da kai. Kai za ka sayi anko?"

"Allah ya kiyaye."

"To, ta Kaka zan tsara wa. In ya zauna a tata, zai zauna a ta kowa."

Ya rushe aikin duka, ya sake shi a faɗin ɗigon allo ɗari uku da ashirin, faɗin wayar Kaka. Atamfa ɗaya ta cika fuska, sai an ja sama wata ta fito. Ya rage nauyin hotuna don su buɗe ko inda layi ke wahala. Ya sauko da lambar kira ƙasa, da manyan haruffa, nesa da inda waya ta fi tsagewa. Ya fito da kayan ƙofar shago da hantsi don launi ya fito na gaskiya. Saura hannun da za a ɗora. Alhaji ya ce shi hannunsa ba zai yi yawo a wayoyin matan mutane ba. Zinariya ta ce ita ce mai ɗaukar hoton. Sai mutumin da ba ya son hoto ya naɗe hannun rigarsa, ya shimfiɗa tafinsa a kan zane.

Shi da kansa ya kira Marwa.

"Hajiya, laifina ne, ba na Baba ba. Ki sake dubawa, ki dubi hannun."

Yana jin muryoyin mata, wayar tana yawo.

"Wannan hannun waye, da tabo?"

"Nawa ne, Hajiya."

"To, ga wata mai ruwan goro, furenta bai wuce farcenka ba. Ita nake so. In ta zo daban, kai zan sa a ɗauro min a ajans."

Ta je daidai. A wurin bikin aka yi ta karɓar sunan shafin, daga nan Kuseri ta bugo, Garwa ta bugo, har wasu mata da suka baro Bamenda suka zauna a unguwar Bépanda ta Duwala suna saya wa 'yan uwansu. Babbar salla ta zo ta wuce, ba wanda ya sake ambaton Mubi. Ranar da sabbin diloli suka iso shago, Alhaji ya kira Tahir, ya kama hannun nan mai tabo da hannu biyu, ya ce, "Ɗana." Bai taɓa kiransa haka ba. Tahir ya sunkuyar da kai, ya fito yana share ido yana cewa ƙurar atamfa ce.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, bai yi doguwar jinya ba. Masallacin unguwa bai ɗauki jama'ar da ta zo jana'izarsa ba, sahu ya fita har bakin titi, 'yan benskin suka kashe injuna suka shiga.

Shagon yana nan, ƙannen Zinariya suna makaranta a New Bell. Yanzu ita ke ɗora hannu a kan sabbin kaya, amma ta hana a taɓa tsofaffin hotuna. Kwanan baya wata ta bugo daga Marwa tana tambaya ina mai tabon nan ya shiga. Zinariya ta gaya mata. Matar ta yi salati, ta yi masa addu'a mai tsawo, sannan ta ce a aiko mata da wadda hannunsa ke kai.